An yi min tayin aikin nemo masu tsara dabarun talla, in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Shekarata biyar ina sashen kula da ma'aikata na wani kamfani, daga lissafin albashi sai takardar hutu sai takardar gargaɗi, gaskiya na gaji. Kwanaki wani kamfani da ke nemo wa kamfanoni ma'aikata ya yi min tayin aiki, amma ɓangaren da za su ba ni shi ne nemo waɗanda ake ce wa kiriyetif sitiratejis, wato masu tsara dabarun talla. Ni kuma ban taɓa aikin talla ba, ko fosta ban taɓa haɗawa ba. Albashin bai kai wanda nake ɗauka yanzu ba amma sun ce akwai kamasho. In karɓa ko in zauna inda nake? Daga ƙanwarki mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar fosta ki ajiye ta gefe, ba zane za ki yi ba, su kansu mutanen da za ki riƙa nemowa da yawansu ba sa zane. Abin da ya kamata ya hana ki barci shi ne sunan aikin kansa, don suna ɗaya ne amma aiki biyu ne a ƙarƙashinsa, kuma wallahi ko masu ɗaukar ma'aikatan wani lokaci ba su san wanne suke nema ba sai kin tatso daga bakinsu.

Na farko tsohon aiki ne. A Landan ya samo asali wajajen 1968, lokacin da Stanley Pollitt na kamfanin talla na BMP da Stephen King na kamfanin talla na JWT kowa a nasa wajen ya ga ya kamata a samu wani mutum a kamfanin talla wanda aikinsa shi ne ya tsaya a madadin mai saye, ya yi bincike, ya saurari mutane, ya gano abin da ke sa su sayi abu ko su ƙi shi, sannan ya taƙaita duk wannan a 'yar takarda da ake ce wa burif ya miƙa wa marubuta da masu zane. Sai a farkon shekarun 1980 salon ya ƙetara Amurka ta hannun kamfanin Chiat/Day. Irin wannan mutumin tunaninsa na dogon zango ne, me ake so jama'a su ji a ransu game da wannan kaya nan da shekara uku.

Na biyu kuma ɗan yayi ne. A Afrilun 2021 Apple ya fito da tsarin da sai mai iPhone ya amince kafin manhaja ta bi sawunsa, to sai auna mutane da talla a Facebook da Instagram ya yi wuya ba kamar da ba, kiɗa ya canza rawa ma ta canza, masu sayar da kaya a intanet suka koma dogaro da shi bidiyon tallan kansa. Nan kasuwar wannan na biyun ta buɗe. Shi kullum yana kan alƙaluma, mutum nawa suka tsaya kallo bayan daƙiƙa uku na farko, nawa suka danna, nawa aka kashe kafin a samu mai saye ɗaya, a mako guda zai iya rubuta wa masu bidiyon TikTok mabuɗin talla, wato kalaman farkon bidiyo, iri goma a gwada a ga wanda ya ci, sauran a zubar.

Ni wannan bambancin da kunya na koye shi. Farkon shigata harkar wani kamfani ya ce in nemo masa mai dabarun talla, na kawo musu wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana manyan kamfen, CV ɗinta kamar ka yi sata ka kai mata. Minti goma da fara intabiyu manajan ya buɗe mata shafin sakamakon tallansu ya ce wanne bidiyo za ki kashe yau, ta yi shiru tana kallon allo, shi kuma ya ɗago yana kallona. Ba laifinta ba ne, nawa ne, ban tambayi abin da ya kamata in tambaya ba. Tun daga ranar duk wanda ya ba ni aiki sai na fara da, wannan mutumin ranar Litinin da safe me zai fara buɗewa a kwamfutarsa, kuma bayan wata shida da me za ku auna shi. Amsar nan ita ke gaya min wanne daga cikin biyun suke so.

Sai kuma yadda za ki gane na ƙwarai, nan ne aikin yake. CV ba ya nuna tunani. Fotfoliyo, wato tarin samfurin ayyukan da mutum ya yi, shi ma yana ruɗi, saboda talla ɗaya mutum ashirin ne suka sa hannu a ciki kuma kowa zai saka shi a nasa kamar shi kaɗai ya yi. Don haka kar kyawun bidiyo ya ɗauke ki, ki ce ya nuna miki burif ɗin da ya rubuta da hannunsa, in na sirri ne ya goge sunan kamfanin. Ki tambaye shi me kwastoma ya zo da shi a matsayin matsala, shi kuma me ya gano ita ce ainihin matsalar, wace shawara ya kawo aka ƙi. Wanda ya yi aikin da gaske za ki ji yana ba ki labari har da inda aka yi rigima, wanda ya raka kawai sai manyan kalmomi. Wata dabarar da nake so, ki buɗe shafin Ad Library na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, kyauta ne kowa na iya ganin tallan da kamfani ke yi yanzu haka, ki zaɓi ɗaya ki juya masa wayar ki ce da wa ake magana a nan, in kai ne me za ka canza. Minti biyar ya ishe ki.

Ke ma ki yi wa kanki wannan atisayen kullum kafin ki fara aiki. Ki karanta bayanan kamfen ɗin da suka ci kyaututtukan harkar talla irin Effie ko IPA, don su sakamako suke dubawa ba ado ba, masu gasar talla ta Cannes Lions ma tun 2019 suna da rukuni na musamman na dabarun talla. Ki samu masu wannan aiki ko biyar ne a LinkedIn ki roƙi hirar minti ashirin, mutane ne masu son a tambaye su ra'ayinsu, ba za ki sha wahala ba.

Batun kuɗi kuwa ki buɗe ido. Galibi kamfanin dillancin yana karɓar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, kuma in ba a ɗauki naki ba ko sisi babu, ko da kin yi wata biyu kina fama. Manyan muƙamai ne ake biyan wani abu tun farko, jimilla wajen kashi ɗaya bisa uku, a biya kashi-kashi. Kamashonki daga cikin wannan la'adar zai fito, kuma sau da yawa sai kwastoma ya biya tukuna, sannan in mutumin ya ajiye aikin cikin watannin garanti ana mayar da wani ɓangare ko a nemo madadinsa kyauta. Saboda haka ki sa su rubuta miki kashi nawa ne naki, yaushe ake biya, akwai adadin da sai kin wuce shi kafin kamasho ya fara, kuma kwastomomin suna nan ne ko ke za ki nemo su, don wannan na ƙarshen aikin talla ne zalla da buga waya ana kashe miki. In kina da abin da zai riƙe ki wata shida ba tare da kamasho ba, ni dai zan ce ki karɓa, gogewarki a intabiyu da cinikin albashi za ta yi miki rana. In babu, ki nemi su ƙara gundarin albashin ko ki ɗan jinkirta.

Tambaya: Anti ni ina so in fara harkar nemo wa kamfanoni ma'aikata da kaina ne, zan iya karɓar kuɗin rajista daga masu neman aikin? Daga wani ɗan'uwa.

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ka fara karɓar kuɗinsu. Kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biya. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce kamfanonin dillancin aiki kar su caji ma'aikata, ƙasashe da dama kuma sun sa haka a dokarsu, wasu ma sai da lasisi za ka yi sana'ar, don haka ka duba dokar inda kake. Sannan kar ka tura CV ɗin kowa wani waje sai ka gaya masa sunan kamfanin ya amince, don da yawansu suna kan aiki ne, maigidansu bai san suna nema ba.