Wanzami ba ya son jarfa: tambayoyinku kan tsokana da dariya

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Gaya ya rubuto: "Likita, ni ne sarkin tsokana a majalisarmu. Amma da an taɓa sanƙona sai ƙirjina ya riƙa bugawa, in kwana ina juyi. Ciwon zuciya ne?"

Ɗan'uwa, da wuya ya zama ciwon zuciya. Idan kunya da fushi suka haɗu, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya jiƙe. Duk da haka ka je a auna maka hawan jini, don shi ba ya sallama. Sauran maganin yana wajenka. Dubi Bafulatani da Babarbare, ko jika da kakarsa: wasan yana daɗi ne saboda kowa yana bayarwa, yana karɓa. Gobe kafin su fara, cire hularka da kanka ka ce a zo a duba madubi. Wanda ya riga kowa dariyar sanƙonsa, me ya rage a soke shi da shi? Abin da nake roƙonka kawai, ka cire in'ina da farfaɗiya da rashin haihuwa daga wasanka. Na ga yaron da ya daina zuwa makaranta saboda ana kwaikwayon maganarsa, kuma har yau abin yana damuna.

Wata baiwar Allah daga yankin Jahun ta ce bayan haihuwa biyar, fitsari kan kuɓuce mata in ta yi dariya, facalolinta na zolayarta, har ta daina zama cikinsu.

'Yar'uwa, naman da ke riƙe mafitsara ne ya saki, kuma yana gyaruwa. Ki riƙa matse shi kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar ki saki, sau 10, safe da rana da dare, tsawon wata 3. Ki koma cikinsu. Da yawansu ma haka suke fama, ba sa faɗa ne. In kuwa zuba yake ba tsayawa dare da rana, wannan yoyon fitsari ne, Babban Asibitin Jahun na yin aikinsa.

Wani kuma daga Ringim ya ce dariya kan sa ɗansa tari da shessheƙa. Dariya mai ƙarfi tana tayar da asma. Kada a hana shi dariya, a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa.