Muryar da aka rubuta daga gurup ɗin matan Jidda: amsa kan tura yaro karatun musaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Maman Ummi, na ji tambayarki, kin ce wani ya zo wa Alhaji da maganar zai kai yaronku Amurka "musayar ɗalibai", kina son sanin yadda abin yake. To bari in yi a gurup, tunda na ga Anti ma ta sa baki.

Da farko dai sunan ne kawai musaya, ba dole sai an kawo miki ɗan wani gidanki ba. Yaro zai je ya zauna a gidan wasu mutane, ya shiga sakandaren garinsu zango ɗaya ko shekarar karatu ɗaya, ya dawo. Ku riƙe wannan, ya dawo. Duk wanda ya ce muku hanyar zama ce can, ku tashi daga wajensa.

Ƙungiyoyi ne suke yi, irin su AFS da suka fara tun 1947, da YFU, da Rotary. Waɗannan yawanci iyaye ne ke biya, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Akwai kuma wanda gwamnatin Amurka ta kafa a 2002, ana ce masa YES, don yaran ƙasashen da Musulmi ke da yawa, shi kyauta ne amma ta jarrabawa da ganawa ake zaɓa, kuma ta ƙasar yaro ake bi. Mu da muke nan da fasfon Najeriya ko Nijar da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, sai an fara tambayar ko har yanzu ana yin shirin, da ko yaron ya cancanta tukuna.

Na Amurka, bizar sunanta J-1. Ƙungiyar ce za ta ba da takarda mai suna DS-2019, da ita ake zuwa ganawa, ko a ƙaramin ofishin jakadancinsu na nan Jidda ko a Riyad. Babu wannan takardar, babu biza, ko me ɗan dalali ya faɗa. Shekarun yaro daga 15 zuwa 18 da rabi, kuma kada ya riga ya gama sakandare. Sannan ba a yarda ya sauka gidan dangi ba, don haka maganar "ai ƙanen babansa yana can" ba ta shiga nan.

Yanzu gidan, wanda na san shi ne ke hana ki barci. Mutanen ba biyansu ake yi ba, sa kai suke yi. Ana binciken duk babban da ke gidan, daga shekara 18, ko yana da tarihin laifi, ana zuwa a duba gidan, kuma akwai wakilin ƙungiya a yankin da dole ya riƙa tuntuɓar yaron kowane wata. In zaman bai yi ba, ana sauya gida. Amma fa ba ke za ki zaɓi gari ba, ana iya kai shi wani ƙauye da babu masallaci kusa, babu mahaucin halal. Saboda haka a takardar nema ku rubuta komai ɓaro-ɓaro: yana salla, yana azumi, ba ya cin alade, in yana tsoron kare ma ku faɗa, don su karensu har ɗaki yake kwana. Kunya ba ta da amfani a nan wallahi. Ni a ganina yaron da sai an tashe shi sallar asuba da faɗa, wanda bai iya wanke kayansa ba, a bari ya ƙara girma.

Abin da ya shafe mu mazauna Saudiyya, wanda ƙungiyar ba za ta tuna muku ba, shi ne iƙama. Yaro yana ƙarƙashin babansa, to kafin ya fita sai an yi masa huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, ta manhajar gwamnati ta Abshir, wadda za ta ɗauki tsawon tafiyar, kuma iƙamar kada ta mutu yana waje. Ku lissafa da kuɗin murafiƙin ma, wato kuɗin iyalin da ke ƙarƙashin mai iƙama, riyal 400 duk wata, don ana biyansa wajen sabunta iƙama. Alhaji ya je jawazat, ofishin shige da fice, da kansa ya yi tambaya.

Sai makaranta. Ku je wajen mudir, shugaban makarantar yaron, kafin tafiya, ku ji ko za su lissafa masa shekarar in ya dawo da sakamako, da irin hatimin da mu'adala, wato daidaita sakamakon waje da na nan, take buƙata, kada ya dawo a ce ya maimaita aji.

Shi kuma mutumin da ya zo wa Alhaji, ku tambaye shi sunan ƙungiyar da za ta ba da DS-2019 ɗin, mu duba ko tana cikin waɗanda gwamnatin Amurka ta amince da su, akwai jerinsu a intanet. Kada a ba shi ko riyal ɗaya kafin nan. Turo min sunan, Maman Ummi. A gaida yara.