Sabon yaro a shotsitof, wa zai zauna a benci?

Ka tambaya ko ƙungiyar besbol da za ta fara kakar wasa da sabon yaro a shotsitof (mai tsaron fili tsakanin bes na biyu da na uku) tana bukatar na ko-ta-kwana. Ƙwarai kuwa. Ta ajiye gogagge a benci, mai iya tsare shotsitof da bes na biyu da na uku.

A gasar MLB ta Amurka kowace ƙungiya 'yan wasa 26 gare ta, yawanci 13 masu jifa, tara daga sauran su ke fara wasa, don haka benci mutum huɗu ne kawai. Masu jifan abokan hamayya kan gano lagon yaron cikin 'yan makonni, su riƙa aika masa ƙwallo mai lanƙwasa ƙasa-ƙasa yana dukan iska. In aka mayar da shi Triple-A, ƙaramar gasar da ke ƙasa da MLB, sai ya yi kwana 10 kafin ya dawo, sai dai in wani ya ji rauni.