Yadda muke koya wa yara riƙon kuɗi a Landan

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan duk kuna lafiya, ga amsar tambayar da ka yi mini game da yadda mu Hausawan da ke zaune a Landan muke koya wa yara riƙon kuɗi, tun da ka ji cewa a nan mutum yana iya yin makonni bai taɓa takardar kuɗi ba. Abin da ka ji gaskiya ne. Motocin bas na Landan sun daina karɓar kuɗin hannu tun watan Yulin 2014, kuma ƙungiyar bankuna ta UK Finance ta ce a 2023 kashi 12 cikin 100 ne kawai na biyan kuɗin da aka yi a Birtaniya aka yi shi da tsabar kuɗi. Ƙaramar sayayya kuwa ɗora kati kawai ake yi a kan na'ura, ta yi ƙara, mutum ya ɗauki kayansa ya wuce. Hatta a masallatai da yawa akwai irin wannan na'ura a bakin ƙofa domin masu sadaka.

Yaro a nan ya fi kowa nisa da kuɗi. Bas kyauta yake hawa, abincin makarantar sakandare kuma iyaye ne ke biya ta intanet, shi dai ya miƙa kati ko ya ɗora yatsa a zuba masa. Cefanen gida ma sau da yawa ta waya ake yi, mota ta kawo har ƙofa. Wannan ne ya raba mu da babbar makarantar da ta koya mana lissafi, wato aike. Ka tuna yadda ake danƙa wa yaro kuɗi a ce ya sayo gishiri da manja da daddawa, ya tafi yana maimaitawa a hanya, ya taya, ya ƙirga canji a gaban mai shago, sannan ya dawo ya zube shi a hannun mahaifiyarsa tana ƙirgawa tana kallon idonsa. A wannan 'yar tafiya ya koyi farashi, ya koyi cewa kuɗi yana ƙarewa, ya kuma koyi amana, ba tare da wani ya zaunar da shi ya yi masa darasi ba. A nan babu abin da ke koyar da waɗannan a kan hanya, sai iyaye sun shirya shi da gangan.

Abin da yawancinmu suka koma yi shi ne buɗe wa yaro katinsa na kansa. Akwai kamfanoni irin su GoHenry da ke ba da kati tun daga shekara 6 a kan wani kuɗi da ake biya duk wata, bankuna da yawa kuma suna buɗe wa yaro asusu mai kati daga shekara 11. Ana tura masa wani abu duk mako, a gaya masa abin da ya rataya a wuyansa, kamar kayan ƙwalama da kyautar abokai, kuma idan ya cinye ranar Talata sai ya yi haƙuri har mako ya zagayo. Ba kowa ya yarda da wannan ba. Wasu dattawanmu suna cewa yaron da yake ci yake sha a gidan ubansa ba shi da bukatar albashi, kuma wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ni kam ina ganin gara ya ɓarnatar da fam biyar yana ɗan shekara 10 a gabanmu, da ya fara sanin zafin ƙarewar kuɗi yana ɗan shekara 18, lokacin da doka ta ba shi damar cin bashi kuma masu tallan saya yanzu ka biya daga baya suna jiransa a waya.

Sai dai akwai wani abu a tattare da katin da nake so ka lura da shi, domin shi ne muka fi tattaunawa idan mun haɗu a wajen suna ko a ƙofar Islamiyya ranar Asabar. Da zarar yaro ya sayi abu, saƙo yana shigowa wayar uba da sunan shagon da adadin kuɗin. Iyaye suna murna da wannan, amma yaron da ya san ana kallon kowane motsinsa ba a gwada gaskiyarsa ba tukuna, domin bai taɓa samun damar ɓoye wani abu ya ƙi ɓoyewa ba. Saboda haka wasunmu ba sa kiran yaro su tuhume shi da zarar saƙon ya shigo. Sai ƙarshen mako a zauna, a ce masa ya faɗi da bakinsa abin da ya saya da abin da ya rage, kafin a buɗe manhajar katin a waya a duba tare. Idan maganarsa ta dace da abin da ke rubuce, a ƙara masa 'yanci, idan kuma ya tsallake wani abu, a nan ake yin faɗa, kuma faɗan na ɓoyewar ne, ba na kashewar ba. Inda ba ma sassauci shi ne wasannin waya da ke sayar wa yara kayan ado na cikin wasa. Ba a barin katin babba a maƙale da wayar yaro, don an sha ganin yaro ya danna ya danna, bai ma san kuɗi yake kashewa ba.

Barka da Sallah ita ce ta ƙi sauyawa. Ana gobe Sallah za ka ga iyaye sun je sun ciro takardun fam biyar da fam goma, domin babu daɗi a ce yaro ya durƙusa ya gaishe ka sannan ka tambaye shi lambar asusunsa. Da dare yara sukan baje abin da suka samu a kan kafet su ƙirga, sannan a raba: wani kaso na kashewa, wani na ajiya, wani kuma na sadaka ko na kakanni a gida. Na ajiyar wasu suna zuba shi a asusun da ake kira Junior ISA, wanda ba a cirewa sai yaro ya kai shekara 18, kuma masu gudun riba suna zaɓar wanda ake zuba kuɗinsa a hannayen jarin da suka dace da shari'a. Makarantun sakandare na Ingila sun sa ilimin kuɗi a manhajar karatu tun 2014, amma ba su ne za su yi wa yaro bayanin riba da zakka ba, don haka wannan yana kanmu da malaman Islamiyya.

Game da naku yaran, Yaya, na san tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mai shayi da mai kayan miya sun saba da karɓar taransifa, kuma masu POS sun cika kowane lungu. Amma har yanzu kuna da kasuwa da ake taya kaya, kuna da mai shagon unguwa da ya san yaron da ubansa. Shawarata ita ce ku ci gaba da aiken yara da kuɗi a hannu, kuma ranar da za a biya ta waya, a bar yaron ya karanta adadin da ke asusun kafin a tura da bayan an tura, ya yi ragin da kansa ya faɗi nawa ya fita. Lambar sirri dai kada a ba shi sai ya nuna yana dawo da canji daidai.

A gaishe mini da Hajiya da yara. Wassalam.