Daga Fatima zuwa Cima: Amsar Tambayoyinku kan Sunayen 'Ya'ya Mata

Tambayoyin wannan mako kusan duka a kan sunayen mata suka zo, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wata malamar lakwal daga unguwar Zariya, nan Maradi, ta rubuto: "Malam, sunana Cima, a takarda Tchima. Na je biki Kano aka ce mini wannan ba sunan Musulunci ba ne. Mene ne asalinsa?"

Malama, kwantar da hankalinki, sunan ɗiyar Manzon Allah (SAW) gare ki. Cima guntun Facima ne, Facima kuwa ita ce Fatima. Harafin da ke tsakiyar sunan a Larabce babu irinsa a bakin Bahaushe, sai kowa ya kama wanda ya fi kusa da harshensa. Wasu suka mai da shi ɗ, kamar yadda muka yi a ɗalibi da ɗawafi, suka ce Faɗimatu. Wasu suka mai da shi ts, suka ce Fatsima ko Fatsuma. Mu kuma nan, Katsinawan Maradi da Gobirawan Tsibiri, in ts ta haɗu da i sai ta karkata wajen c. Ki saurari tsoho a kasuwa, Kacina za ki ji ya ce. Haka Fatsima ta zama Facima, uwa ta gajarta ta don kiran yau da kullum, ta koma Cima. Da Bafaranshe ya zo da alƙalaminsa, ba shi da c irin tamu, sai ya rubuta Fatchima da Tchima.

Tushen sunan a Larabci yaye ne, wato raba yaro da nono. Kuma ba mu kaɗai muka lanƙwasa shi ba: Barebari suna cewa Falmata, Turkawa Fatma, mutanen Mali Fatumata. Binta ma ita ce, daga bint, wato ɗiya, Zara kuma daga laƙabinta Zahra'u. Hadiza da Dije haka suka fito daga Khadija, wadda asalin kalmar ke nufin haihuwar da ta zo kafin lokaci, abin da muke kira bakwaini. Wanda ya ce miki ba sunan Musulunci ba ne, kunnensa ne bai saba da Hausarmu ba.

Abu ɗaya dai nake jan hankalin iyaye a kai. Yarinyar da ke Aïchatou a Maradi, da ta tsallaka Jibiya ta zama Aisha, Haoua ta zama Hauwa. A zaɓi rubutu guda tun daga takardar haihuwa, kada ya saɓa da na fasfo ranar da za a tafi Makka.

Wani tela daga Sabon Gari ya ce: "Kakata Ladi, gwaggota Kande. Wani abokina ya ce sunayen maguzanci ne, gara a bar su. Gaskiya ne?"

Malam, abokinka ya yi saurin hukunci. Ladi daga Lahadi take, Lahadi kuwa daga Larabci muka aro ta, kamar sauran kwanakin mako. Tani, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai, Asabe, duk ranar haihuwa suke faɗa. Kuma galibi ba su ne sunan yanka ba. Ranar suna liman ya raɗa A'ishatu ko Hauwa'u, mata a cikin gida su ci gaba da kiran Ladi, sau da yawa saboda alkunya: an sa wa jaririya sunan uwar miji, suruka kuwa ba ta iya buɗa baki ta kira sunan. Daga nan ne Ummi da Uwani da Iya suka samu gindin zama.

Ni a wurina waɗannan sunaye rajista ce ta mutanen da ba su da takarda. Ka ji Kande ko Delu, ka san maza ta biyo. Gambo ta biyo tagwaye. Azumi a watan Ramadan ta zo, Tasalla ranar salla, Marka a tsakiyar damina lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa, Taroro lokacin roron wake. Tsohuwa ba ta san shekararta a kalandar Nasara ba, amma sunanta ya riƙe mata rana da yanayi da matsayinta a ɗakin uwarta. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Ajuji da Ayashe. Matar da ke wabi, ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, ita ce ke kiran ɗiyarta abin juji ko abin yasarwa, wai ta nuna ba ta damu ba, ko wannan ta tsaya. Alhali ba wadda ta kai ta damuwa. Yarbawa ma suna da irinsa, Malomo, wato kada ki sake tafiya.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. Asantawan Ghana suna kiran 'yar Lahadi Akosua, 'yar Asabar Ama, 'yar Alhamis Yaa. Yaa Asantewaa da ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, a Hausance Lami ce. Idowu na Yarbawa shi ne Gambonmu. Fulani suna da Kumba da Penda, ɗiya ta biyu da ta uku. Faransawa ma suna da Noëlle, wadda aka haifa lokacin Kirsimeti, Tasallarsu ke nan. Larabawan kansu sun ce Rabi'atu, ta huɗu, kamar Rabi'atul Adawiyya ta Basra, ga shi muna kiran 'ya'yanmu Rabi ba wanda ya ce maguzanci ne.

Wata uwa daga Tsibiri ta tambayi ma'anar "suna linzami", ta ƙara da cewa ɗiyarta ta haihu, ta tsinto wa jaririya suna a waya, wai in dai kalmar tana cikin Alƙur'ani shi ke nan.

Hajiya, barka da samun jika, Allah ya raya. Linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki. Kome gudunsa, in an ja sai ya juyo. Haka mutum, ko a tsakiyar kasuwa aka ambaci sunansa sai ya waiga. Wasu dattawa suna ƙara masa fassara, cewa suna yana jan mai shi zuwa ga halin da yake nufi, kuma saboda haka ne ake neman mai kyau.

Batun waya kuwa, ki gaya wa ɗiyarki ta kai kalmar wurin malami kafin ranar suna. Akwai masu kyau: Tasnim da Salsabil maɓuɓɓugai ne a Aljanna, Afnan rassan itace ne a Suratur Rahman. Amma Alƙur'ani ya ambaci wuta da azaba da munafukai, zaman kalma a cikinsa bai mai da ita suna ba. Mace ɗaya tak aka ambata da sunanta a ciki, Maryam, wadda sura ta 19 ke ɗauke da sunanta, ita ce Miryam ta Ibrananci, Marie ta Faransawa, Mairo da Mariyama tamu. Ko Bilkisu a tafsiri aka samo sunanta. Annabi (SAW) da kansa ya canza wa wata ɗiyar Sayyidina Umar suna daga Asiya mai nufin mai saɓo zuwa Jamila. Wannan daban take da Asiya matar Fir'auna: a Larabce haruffansu ba ɗaya ba ne, a rubutun boko ne suka zama tagwaye. Irin wannan tarkon ne waya ba za ta nuna mata ba.

Wani ɗalibi kuma ya tambayi dalilin kiran Hauwa da Jidda ko Maijidda. Ɗana, akwai tsohon zance cewa kabarin Nana Hauwa'u yana birnin Jidda na Saudiyya, jadda kuma a Larabci kaka ce, ita kuwa kakar kowa ce. Sunan nata kansa daga tushen rayuwa ya fito, kamar na A'isha.