Shin sauya dokoki ne ya ƙara maki a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Malam, ka tambaya ko dokokin da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke sauyawa ne suka sa maki suka ƙaru, kuma ko hakan ya jawo 'yan kallo. Kan maki, eh, musamman agogon jifa, wato agogon da ke ƙayyade lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo kafin ta jefa a kwando.

Kafin 1985 babu agogon nan a dokokin NCAA na wasan maza na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar da ke gaba sai ta baza 'yan wasanta kusurwa huɗu, su yi ta miƙa wa juna ƙwallo har lokaci ya ƙare. Haka jami'ar North Carolina ta yi wa ta Virginia a wasan ƙarshe na gasar rukuninsu, ACC, a 1982, aka tashi 47 da 45. Wa zai biya kuɗi ya kalli wannan? Sai aka sa agogon daƙiƙa 45 a 1985, aka rage zuwa 35 a 1993, sannan 30 a 2015. A kakar 2015-16 matsakaicin makin ƙungiya ya tashi daga wajen 67 zuwa kusan 73.

Layin maki uku ya shigo a 1986, an matsar da shi baya a 2008 da 2019.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗauka cewa yawan maki na nufin an fi iya jifa. Sau da yawa hare-hare ne kawai suka ƙaru, wato yawan karon da ƙungiya ke samun ƙwallo a hannu, don haka duba maki a kowane hari. Batun 'yan kallo kuwa, a ganina gasar March Madness, wato gasar fitar da zakaran jami'o'i ta ƙarshen kaka, da kishin makaranta sun fi doka tasiri.

In koyarwa kake yi, nemi littafin dokokin NCAA na bana ko alƙalin wasa mai lasisi, domin dokokin mata da na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sun bambanta.