Bangon gidan Baba yana tsagewa, ina so in ɗora bene

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya bar mana gidan bulo a Numan, ginin 1978. Duk rani bangon falo sai ya tsage, mu shafe da siminti, shekara ta zagayo ya sake buɗewa. Ina so in ɗora bene. Birkilana ya ce a ƙara fila a kusurwoyi kawai. Ya isa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, dakata da sayen rodi tukuna. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina, daga ƙasa matsalarta take. Yankinku na da baƙar laka mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, tana ɗaga fandisho tana sauke shi. Filar birkilanka a kan wannan lakar za ta tsaya, tare za su riƙa rawa.

Abin da ake yi shi ne a kai nauyin gidan can ƙasa, inda laima ba ta canjawa da damina ko rani. Ana haƙa rami siriri kusa da bango, a sa rodi, a zuba kankare ya zama ginshiƙi, sannan a ratsa katangar kankare mai rodi ƙarƙashin tsohon fandishon ta zauna a kan ginshiƙan. Akwai kuma na ƙarfe da ake murzawa cikin ƙasa da inji kamar sukuru, ba ya girgiza tsohon bango sosai.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen haƙa. Ba a buɗe ƙarƙashin bango gaba ɗaya. Kamar mita 1 ake haƙawa, a tsallake na kusa da shi, a je nesa, sai kankaren farko ya yi ƙarfi a dawo. Na taɓa zuwa wani gida da lebura suka yashe gefe guda rana ɗaya don su tashi da wuri. Kafin la'asar bangon kicin ya kwanta a ramin, Allah ya kiyaye ba kowa ciki.

Dabarar ta daɗe. Babban cocin Winchester a Ingila da ke nutsewa, wani gwanin nutso a ruwa, William Walker, ya shafe 1906 zuwa 1911 yana jera buhunan kankare ƙarƙashinsa cikin ruwa da duhu. Cocin na nan tsaye.

Zurfin ginshiƙi kuwa, gwajin ƙasa ne ke faɗa, kada wani ya yanke maka shi da ido. Nemo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya yi gwajin, ya lissafa kuɗin tallafar fandishon da na benen. Sau da yawa in fili ya rage a gidan, gina sabon sashe a gefe ya fi sauƙi.

Kafin nan, kawar da ruwan indararo daga gindin bango, kuma in akwai darbejiya kusa da falon, nuna wa injiniyan ita, domin saiwarta na tsotse laimar ƙasa.